Hannun Goggo a Bahon Bargi

Na ci. Jiya da hantsi na tsaya gaban malamai uku na kare memuwar ɗina, wato littafin binciken da ake rubutawa kafin a ba mutum digiri. Suka fita suka yi shawara, suka dawo suka ce na wuce, har da yabo. An zazzaga min hoda a ka sai ka ce daga buhun fulawa aka ciro ni, waya ta yi zafi da saƙo, babban yatsana har yanzu bai huta ba. Amma ba murnar ce ta zaunar da ni rubutu ba. Don ku na zauna, ƙannena da 'ya'yan yayyena na gidanmu na unguwar Yakite, ku da kuka shekara kuna jin ana cewa Yaya Bilki ta faɗi bara. Ban faɗi ba. Ni na janye aikin da hannuna, saura sati uku a kira ni. Dalilin kuma na riƙe shi a ciki shekara guda cur, sai yanzu, don wadda na riƙe shi saboda ita, ita ce ta ce in faɗa idan na gama, ta ce kuma da Hausa. Wanda Hausarsa ta yi tsatsa a cikinku ya yi haƙuri ya lallaɓa a hankali, zai kai.

Bari in fara da kifin. Bargi dai kun san shi, dogon nan mai manyan ɓawo da kuke faɗa a kan kansa ranar da aka yi farfesu. Abin da ba ku sani ba, ba ɗan ruwan nan ba ne. Kawo shi aka yi tun da daɗewa don a yi kiwonsa a tafki, ruwa ya cika ya tumbatsa, shi kuma gogan ya sulale ya faɗa kogin Ubangi, ya samu wuri ya baje. Yanzu masu kamun kifi na cewa akwai wuraren da da suke samun wasu kifaye, yau in sun ja raga shi suke tararwa. Malamar da ke duba aikina a fak, wato jami'a, Madam muke ce mata kawai, ita ta ba ni tambayar. Ta ce in duba ko bargin da ke cikin ruwa mai gudu jikinsa ɗaya ne da wanda ke kwance a tafki. Idan kifi na iya sauya ƙirar jikinsa ya dace da duk ruwan da ya faɗa, to ka fara gane yadda baƙo yake kama wuri har ya matse 'yan gida. Aikin ba wuya a baki: ka kwantar da kifi a kan allo, ka sa rula a gefensa, ka ɗauki hoto. Daga baya a kwamfuta ka ɗiga alama a bakinsa, a idonsa, a inda kowace ƙaya ta fara, a gindin wutsiya. Kwamfuta ta gwada na kogi da na tafki ta gaya maka in da bambanci. Sharaɗi guda ne: dole ka san daga wane ruwa kowane kifi ya fito.

Nan Baba ya taka burki. Ya ce fak ya yarda, tunda hanya ɗaya ce kuma ya san lokacin fita da na dawowa, amma 'yarsa ba za ta riƙa ratsa gari har bakin kogi tana yawo cikin kwale-kwale ba. Ku ƙanana ba ku ga shekarun rikicin nan da mutum ba ya tsallake gadar Yakite sai ya yi sallama da gida kamar mai tafiya hajji ba. Baba ya gani, kuma har yau abin bai sake shi ba. Ban yi gardama ba, don ina da dabarata: Goggo Hajara. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, mu ne 'ya'yanta. Shekara talatin tana sayar da ɗanyen kifi a kasuwar Kilomita Biyar. A teburinta faranti biyu ne kullum, na dama bargin kogi, na hagu bargin tafki, kuma masu saye sun fi son na dama, wai ba ya warin laka. Na ce shi ke nan, ga labo ɗina, wato ɗakin bincike, a gida. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa Baba ke ce min Uwata, Goggo kuma Innata, ba mai kama sunana a cikinsu. Ranar da na je mata da maganar ta kalle ni sama da ƙasa.

"Innata, duk karatun nan da aka yi ta yi, ashe hoton kifi za a ɗauka? Kifin ma ba a ce ya yi murmushi?"

Ta dai matsa min gefen tebur. Wata biyar na yi ina zuwa wajen ƙarfe tara, in tarar ta shirya komai fes, in ɗauki na dama in rubuta kogi, in ɗauki na hagu in rubuta tafki. Matan layin suka laƙa min Dokta Susu, kun san susu kifi ke nan da yaren Sango. Mayafaina kaf suka koma ƙarni, a aji ba mai son zama kusa da ni, ni ko a jikina. Da na zuba komai a kwamfuta, wallahi sai da na miƙe tsaye. Ɗigo-ɗigon suka rabu gida biyu kamar an sa wuƙa, na kogi sirara masu dogon gindin wutsiya a gefe guda, na tafki masu faɗin ciki a ɗaya gefen, ba ko ɗaya a tsakiya. Madam ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce ita ba ta taɓa ganin abu mai rai ya rabu tsaf haka ba. Sau ɗaya ta tambaye ni ko na tabbata da inda aka kamo kowanne, na ce mata sosai ma, da cikakken baki. Aka sa ranar sutanas, ranar kare aiki ke nan. A gida aka fitar da anko, atamfa ruwan ganye, Goggo ce ta fara kai nata ɗinki. Ni kuwa kaina ya kumbura, tafiyata ma ta canza, ina shiga layi ina shan ƙamshi.

Wata Talata Madam ta ce in ƙaro hotuna kaɗan, kuma ina da aji ƙarfe takwas, sai na yi sammako na isa kasuwa rana na fitowa. Ban taɓa zuwa a wannan lokacin ba. Ina tsaye sai ga Mama Sidoni, matar da ke kawo wa Goggo kifi tun kafin a haife ni, a bayan moto, wato babur, da baho guda a ɗaure. Guda ɗaya. Aka sauke, suka gaisa da Sango suna tsokanar juna, Goggo ta naɗe hannun riga ta zura hannu. Ta ɗago ɗaya, ta juya shi, ta shafa bayansa da babban yatsa, ta jefa dama. Ta ɗago wani ta jefa hagu. Dama, dama, hagu, ko kallon kirki ba ta yi, tana yi tana ba Mama Sidoni labarin ciwon ƙafarta. Na tambayi Mama Sidoni daga ina kifin yake. Ta ce daga ko'ina, 'yata, wani a bakin kogi ta saya, wani masu tafki suka kawo, wani ma ba ta tambaya ba, duk a baho ɗaya take zubawa, aikin rabawa na Hajara ne.

"Goggo, to ya kike sanin na kogi?"

"Ga shi kina gani. Siriri ne, wutsiyarsa doguwa. Mai ninkaya ke nan."

"Na tafkin fa?"

"Mai tumbi. Yana kwance yana ci, ina zai rame?"

Ku tsaya ku gane abin da ya faru, don nan ne komai ya kwaɓe. Ni ina tambaya ko wurin zaman kifi na canza jikinsa. Wurin zaman da na rubuta a kaye kuma, wato littafin rubutuna, daga jikin kifin Goggo ta karanto shi. Ta ware sirara ta ce na kogi ne, ni kuma na kwashe wata biyar da kwamfuta na gano cewa na kogi sirara ne. Ba kifi na auna ba, hannun Goggo na auna. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani a nan bakin tebur, na kuma yi shi da gaggawa da muryar 'yan fak, wanda shi ne kuskurena na biyu. Ta ajiye wuƙa.

"Wato ƙarya nake yi wa mutane shekara talatin."

"Ban ce haka ba, Goggo."

"Kin ce. Da Faransanci kika ce, amma na ji."

Ba ƙarya take ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Haka ta ga ana yi, haka duk layin suke yi, kuma ta yarda da idonta kamar yadda na yarda da rulata. Sai dai masu saye sun ɗauka masu kawo mata biyu ne. Da maganar ta fita cewa boko ya gano farantin Hajara daga baho ɗaya yake, ba wanda zai tsaya jin bayani, kun san bakin unguwar nan. Kwana uku ban ci abin kirki ba. Aikin yana nan an buga shi, da bango mai kyau, sunana a kai. Ba wanda ya sani sai ni, Goggo ma ba ta ɗauka akwai matsala ba. Wata ƙawata da na ɗan gutsura mata ta ce ke Bilki kin cika son wahala, wa zai je kasuwa da sassafe ya bincika, ki karɓi takardarki kawai. Na kusa bin ta, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya hana ni, duk sanda na buɗe hoton ɗigo-ɗigon nan da na yi ta taƙama da shi, ba kifi nake gani ba, hannu nake gani yana jefawa dama da hagu. Na san zan tsaya gaban mutane in ce na gano abu alhali na san ban gano ba, kuma wani ɗalibi zai zo baɗi ya ɗora nasa aikin a kan nawa.

Ranar Juma'a, ana ta tururuwa zuwa masallacin Koudoukou, ni na hau moto na nufi fak. Na faɗa wa Madam komai. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce da ban faɗa ba da ba za ta taɓa sani ba, amma tunda na faɗa ba za ta iya sa hannu ba. Sai na sake daga farko, kowane kifi in ga fitowarsa daga ruwa da idona, kuma hakan ba zai yiwu a sati uku ba, sai shekara mai zuwa. Na roƙe ta abu ɗaya, kada dalilin ya fita daga ofishinta. Ta yi min alkawari, ta kuma cika.

A gida na ce wa Baba aikin bai yi ba, sai baɗi. Ya tambaye ni sau biyu me ya faru, na ce bai yi ba ne kawai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa hularsa ya tafi shago, inda ya riga ya gaya wa duk maƙwabtansa ranar. Sati biyu in na gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. 'Yan ajinmu suka kare nasu, na riƙa ganin hotunansu a waya da hoda a ka, ina danna musu alamar so ina share hawaye. Wani wurin koyon aiki da Madam ta yi niyyar tura ni, wata aka tura. Atamfa ruwan ganye kowa ya ninke ya sa a akwati, wasu ma suka sa tasu suka je kasuwa da ita. Goggo kuwa ta daina min magana ɗungurungum, in na shiga ɗakinta sai ta juya tana gyaran abin da ba ya buƙatar gyara.

Kusan wata guda haka, sai aka yi suna a layinmu. Muna zaune ana cin shinkafa, wata mata da ba zan faɗi sunanta ba, tana nan da ranta, ta ɗaga murya ta ce ai Dokta Susu kifi ya kayar da ita, ƙarnin ne kawai ribar. Aka yi dariya. Goggo na zaune a kan tabarma ɗaya da ita. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin abincina. Washegari da safe ina shara sai na ga inuwa a kaina.

"Me ya sa ba ki gaya musu ba?"

"In gaya musu me, Goggo?"

"Cewa ni na ɓata miki."

"Ba ke kika ɓata ba. Ni ce ban tambaya ba."

Sai ta wuce ni ta shiga wajen Baba yana shan shayi, ba ko sallamar kirki. Daga tsakar gida na ji ta tana cewa, Sani, yarinyar nan bakin kogi za ta, ni zan kai ta, in kana da magana ka faɗa yanzu ina tsaye. Baba bai da magana. Ba wanda ya taɓa samun magana a gaban Goggo.

Haka muka fara. Mama Sidoni ta haɗa mu da masu kamun da take saye a hannunsu, a bakin Ubangi da kuma wasu tafkuna a bayan gari. Sau biyu a sati Goggo take barin tebur a hannun maƙwabciyarta, mu hau moto biyu, ita a gaba tana yi wa mai moton faɗa ya rage gudu. A ranar farko na gano wani abu da ya ba ni mamaki: shekara talatin tana yanka bargi, ba ta taɓa ganin an ciro shi daga ruwa ba. Ta zauna a kan juyayyen kwale-kwale da carbinta, ni ina ɗaura wa kowane kifi ɗan ƙyalle mai lamba tun yana motsi. Can aka jawo raga daga tsakiyar kogi, inda ruwa ke gudu sosai, sai ga wani ƙaton bargi mai tumbi kamar ɗan kasuwar da ya ji daɗi. Goggo ta taso, ta juya shi, ta shafa bayansa, ta kalli kogin, ta sake kallonsa.

"Wannan ɓatan hanya ya yi," in ji ta.

Masu kamun suka fashe da dariya, ita ba ta yi ba. A ranar sai da aka ciro irinsa uku. A hanyar dawowa ba ta yi wa mai moto faɗa ko sau ɗaya ba. Daga baya ita da kanta ta ƙirƙiro wasa: in mun dawo gida in rufe lambar da hannu, ita ta faɗi ruwan, sannan in buɗe. Ku ji gaskiya, ta fi ci da yawa, nesa ba kusa ba. In ta ci sai ta ce boko dai wahalar da kai ne. In ta kuskure sai ta yi tsaki ta ce a kawo na gaba. Kuma ba tare da ta yi shawara da kowa ba ta canza kiran farantinta. Ta daina cewa na kogi da na tafki, ta koma tambayar mai saye, siriri kike so ko mai tumbi? Ba wanda ya lura a kasuwa. Ni na lura.

Abin da na samu a ƙarshe bai kai na farko kyan gani ba. A cikin kifayen da na auna, na kogi sun fi karkata ga sirantaka, na tafki ga faɗin ciki, amma akwai tuli a tsakiya da ba za ka ce ga inda suka dosa ba, musamman na bakin ciyayi inda ruwa ke shiga ya fita. Ɗigo-ɗigon sun cakuɗe kamar gero da dawa a tabarma ɗaya, sai ka ja baya kafin ka ga inda kowanne ya fi yawa. Madam ta ce wannan ya fi kama da abu mai rai. Na nuna wa Goggo a waya, lokacin ƙafafunta sun kumbura har ta daina fita, tana kwance a ɗaki. Na ce mata idonta ya fi gaskiya fiye da kuskure, amma ba kullum ba. Ta ce ita ma ta ƙirga, ba sai na gaya mata ba. Sannan ta kama hannuna, hannun nan nata mai kaushi da duk ƙayar kifi ta tsattsaga.

"Innata, kin ɗauki sunan faɗuwa a kaina, na gani. In kin gama ki sauke. Ki faɗa musu yadda aka yi, kada ki rage, kada ki gyara ni. Da Hausa, ba da yaren makarantarku ba, don yaran gidan nan su ji da bakin kakanninsu."

Na ce ai tana nan za ta faɗa da kanta, har ankonta na jira. Ta ce to. Saura sati shida sutanas ɗina Allah ya karɓi abarsa, wata Laraba da walaha, ruwa na sauka. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Da aka buɗe akwatinta, atamfa ruwan ganye na can sama, a ninke, ba a taɓa sa ta ba. Ɗankwalin da kuka gani a kaina jiya, wanda hoda ta ɓata, nata ne.

Jiya bayan la'asar, da masu taya murna suka ragu, na samu Baba a zaure na faɗa masa duk abin da na rubuta muku nan. Ya saurara har ƙarshe yana murza hularsa a gwiwa.

"Da kin gaya min, Uwata. Na yi ta jin haushinki a banza."

"Na ji tsoron kada ka je ka yi mata faɗa."

"Ni? In yi wa Yaya faɗa?"

Ya yi dariya, sannan ya juya fuskarsa bango. Na bar shi a nan.

To kun ji. Ban faɗi ba, Goggo kuma ba ta yi ƙarya ba, tambaya ɗaya ce ban yi ba a ranar da ya kamata. Duk wanda wannan ya iso wayarsa, don Allah ya tura wa na gaba, 'yan gidanmu na nan da waɗanda suka yi nisa. Wanda ba ya karatu a karanta masa, ƙananan da Hausa ta yi musu nauyi a fara karanta musu yadda yake, sannan a juya musu da Sango. A kai wa matan layin kifi, a kai wa Mama Sidoni. Wanda ya karanta kuma ya yi wa Goggo Hajara addu'a.